Labo Ya Faɗo Daga Gawo

A Cadawa in ana maganar hawan icce, sunan Labo ake fara kira. Tun yana saurayi yake aikin dabbobi, ya yi kiwo a gidaje da dama kafin ya zauna wurin Hajiya Rahina, wadda ke da gidan turka a bayan gari, hanyar Gazawa. Bajimai da raguna take ɗaurewa, a ciyar da su har su yi ƙiba, a kai kasuwa. Ma'aikatanta biyu ne, Labo da abokinshi Bakari. Bakari ke dama dusa, ya yi ban ruwa, ya kwashe kashi. Labo shi ke da abin da ke sama.

Abin da ke sama harawa ce. Akwai wani babban gawo a tsakiyar gidan, tun kaka ake jibga dammunan harawa tsakanin rassanshi, don kada gara ta ci, kada kuma wata dabba ta tsinke ta yi ɓarna. Kullum da safe Labo zai tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya hau, ya jeho abin da za a ci a ranar. An taɓa kawo mashi tsani. Ya yi godiya, ya jingine shi a bango, kaji suka mai da shi wurin kwana. Ya haura shekara hamsin, gemu ya yi fari, amma bai taɓa ko goce wa reshe ba. Shi ba mai yawan magana ba ne, sai dai in an yabi hawan nan nashi a majalisa, yakan sunkuyar da kai yana gyara hula, kuma ba ya tashi sai an gama.

A shekarar da abin ya faru Hajiya ta haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, ta ɗora shato, tankin ruwa na sama, ta sa magini ya gina mata kwamin shan ruwa na siminti. Kewayen kwamin aka yi daɓe, aka goge shi sumul kamar tsakar ɗakin amarya. Duk baƙon da ya zo sayen rago sai an fara kai shi ya ga daɓen. Kan famfon yana ɗiga kaɗan. Ba wanda ya damu, tunda ruwa ya zama na gida. A hankali gansakuka ta fito a gefe ɗaya, shanu kuma suna ƙara mata abin da ya sawwaƙa.

Wata safiya cikin bazara, layya na matsowa, Labo ya hau gawo ya jeho harawa, ya sauko lafiya lau. Ya sa takalminshi na roba, ya ɗauki bokiti don ya ɗebo wa wani rago mai zawo ruwan kanwa. Ya taka daɓen. Ƙafar dama ta tafi gabas ba ta yi shawara da shi ba, ta hagu ta shige ƙarƙashin bakin kwami, shi kuma ya zauna a kanta da duk nauyinshi. Ya ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Da farko ya ɗauka bokitin ne. Sai da ya yi yunƙurin tashi ya gane ba bokiti ba ne.

Bai yi kuwwa ba. Ya kwanta cikin ruwan yana kallon sama, wani bajimi ya matso ya shinshine shi, ya ga ba abinci ba ne, ya koma shan ruwa.

Bakari ya zo da gudu, hannunshi duk dusa. Ya dubi ƙwaurin, ya kau da kai.

"Kada ka motsa."

"Ina zan je?" in ji Labo.

Rana ta fara zafi, kuma inuwa ɗaya ce a gidan. Bakari ya kama shi ta hammata, ya ja shi sannu a hankali har gindin gawo, ya jingine shi kusa da dammunan da ya jeho ɗazu, sannan ya ruga neman mutane. Da mutane suka iso, suka tarar da Labo kwance a gindin icce, ƙafa a karye, harawa warwatse kewaye da shi. Kowa ya dube shi, sannan ya ɗaga kai sama.

Hajiya Rahina ta sauka daga kabu-kabu tana salati, mayafi na neman faɗuwa.

"Daga ina? Daga wane reshe?"

Bakari ya dubi Labo. Labo ya rufe ido. Wani maƙwabci, wanda lokacin da abin ya faru yana gidanshi yana shan kunu, ya nuna can ƙololuwa ya ce, "Daga wancan."

Hajiya ta dafe ƙirji. Bakari ya ce, "Allah dai ya kiyaye gaba." Kowa ya ce amin.

A bisa amalanken da aka ɗora shi, Labo ya buɗe ido ɗaya.

"Bakari, mi ka gani?"

"Ni ina wajen dusa. Ban ga komi ba."

"Madalla."

Aka kai shi gida, aka kira Ɗan Azumi mai ɗori, wanda ya gaji aikin wurin ubanshi. Maza uku suka danne Labo, Ɗan Azumi ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin, ya jera kara ya naɗe. A nan ne Labo ya yi kuwwar da bai yi a bakin kwami ba, har awakin maƙwabta suka amsa. Da aka gama, Ɗan Azumi ya duba hannuwan Labo, ya ɗaga rigar ya duba bayan.

"Ikon Allah," ya ce. "Gawon nan mai ladabi ne. Ya sako mutum tun daga sama, ko ƙaya ɗaya bai soka mashi ba."

Ya wanke hannu, ya ce kada a taka ƙafar sai ya ba da izini, ya yi tafiyarshi.

Daga ranar gidan Labo bai rabu da 'yan jaje ba. Duk wanda ya shigo sai ya zo da labarin, kuma kullum gawon yana ƙara tsawo. Wani ya ce ya ji Labo ya juya sau biyu cikin iska. Wani ya ce da damin harawa ya kare kanshi, in ba don haka ba da yanzu ana sadakar bakwai. Wani dattijo ya taso tun daga Gangara don yin ta'aziyya, ya tarar da mamacin yana shan fura. Ya zauna ya sha shi ma. Labo bai ƙara wa kowa komi ba, bai kuma rage ba. Abin da yake cewa kawai, "Allah ya taƙaita."

In baƙi sun watse kuwa, sai ya rage shi da ƙafar. Tana zogi kamar ana hura wuta cikin ƙashin. Mutumin da bai taɓa neman a miƙo mashi buta ba, yanzu ko bayan gida sai matarshi Balkisu ta tallabe shi, ita da ba ta kai kafaɗarshi ba. Tana matsar mai, tana suyar ƙuli, tana aika ɗiyarsu da shi bakin kasuwa, ta dawo ta juya shi don kada bayanshi ya yi gyambo. Hajiya ta aiko da hatsi da sabulu, ba ta yi sakaci ba. Amma damina na tafe, gonarshi ko sharar farko ba a yi ba, kuma yana kwance yana jin yadda hadari ke gwada murya daga gabas. Wani lokaci yakan dubi yatsun ƙafar da suka leƙo daga cikin kara, ya ce su motsa, su yi kamar ba da su ake ba.

Balkisu ba ta taɓa tambayarshi yadda aka yi ba. Rannan dai tana shafa mashi man shanu a gwiwa ta ce, "Malam, wandon nan naka ya ba ni wahala wajen wanki."

Ya ce, "Sannu."

Ta ce, "Yawwa."

A can gidan turka Hajiya ta yanke hukunci. Ta ce daga yau ba mai sake hawa icce a kan aikinta, ba za ta ɗauki alhakin ran kowa ba. Ta ɗauko 'yan ƙwadago suka sauke harawar duka da igiya, ta sa aka kafa wata gajeruwar rumfa aka jibga ta a kai. Wurin da ya rage a gidan shi ne bayan kwami, don haka a nan aka kafa rumfar. Yanzu duk damin da za a kai wa dabbobi, sai an ratsa daɓen da shi.

Bakari ne ya kawo wa Labo labarin da ya zo duba shi bayan la'asar.

"Ka riƙa watsa yashi a wurin," in ji Labo.

"Na watsa."

"To?"

"Hajiya ta zo da masu sayen rago daga Maradi, ta ce wa ya zuba mata ƙasa bisa siminti. Na ce ni. Ta ce don mi. Na ce hakanan. Ta ba ni tsintsiya."

"To ka riƙa tuɓe takalmi."

"Ina tuɓewa."

Labo ya kwana biyu yana juya abin a ranshi. Ya shirya maganar tsaf, ya san ta inda zai fara. Ranar juma'a Hajiya ta zo duba shi, amma ba ita kaɗai ba, tare da ƙanenta da wasu mata biyu abokan kasuwancinta. Ta zauna bisa tabarma ta nuna shi.

"Kun gan shi nan. Shekara da shekaru yana hawa don dabbobina su ci. Daga ƙololuwa ya faɗo, ko uffan bai ce ba. Irin waɗannan mazan sun ƙare."

Matan suka yi ta jinjina kai. Ƙanen ya miƙo hannu biyu ya gaisa da shi. Labo ya buɗe baki. Balkisu na bakin murhu, ta daina fifita wuta.

"Na gode, Hajiya," ya ce.

Balkisu ta ci gaba da fifita.

Ba a yi sati ba Bakari ya faɗi. Ya ɗauko dami a ka, bai ga ƙasa ba, wani rago ya gitta, ya ɗan kauce, diddigenshi ya sauka bisa gansakuka. Ya tafi ta baya. Ya kai hannu don ya tare, wuyan hannun ya karye, ƙeyarshi ta bugi bakin kwami ta tsage. Ba kowa a gidan. Sai da wani mai tura ruwa ya ji dabbobi na ta kuka ba a ba su abinci ba ya leƙa, ya same shi kwance cikin jini, bai san inda yake ba.

Aka kai shi gidan likita a Agiye. Lokotoro ya ɗinke ƙeyar, aka ɗauki hoton hannun, aka naɗe shi da farin simintin da suke sa wa karaya. Sai washegari ya gane matarshi. Yaranshi ƙanana ne, babban bai isa shiga lakol ba, wato makarantar boko.

Balkisu ce ta faɗa wa Labo. Ta ajiye mashi tuwo ta faɗi maganar a tsaye. Ya dubi tuwon har ya huce, aka ɗauke.

A gari kuwa an riga an gano dalili. Mutum biyu cikin wata ɗaya a gida ɗaya, ai ba banza ba. Kowa ya san gawo ba ya rasa masu shi, mutanen ɓoye. An sauke masu harawa daga ɗaki ba a yi sallama ba, shi ya sa suka bi Bakari har ƙasa. Wata tsohuwa ma ta ce ta daɗe tana ganin wani abu fari a wurin, ba ta dai son yawan magana ne.

Bayan an sallamo Bakari, Hajiya ta sake zuwa gidan Labo, wannan karon ita kaɗai. Ta rame. Ta ce ta kasa samun wanda zai kama aikin, duk wanda ta yi wa magana sai ya ce gonarshi na jira. Ita da jikokinta ke ba dabbobi ruwa, ga layya ta ƙarato.

"Na yanke shawara, Malam Labo. Zan je buron gandun daji, ofishin masu kula da itatuwa, in nemi izini. A sare gawon nan kowa ya huta."

Labo ya yunƙura ya tashi zaune.

"Hajiya, iccen nan ya girme ni, ya girme ki. Bai yi wa kowa komi ba."

"Bai yi komi ba? Shi da ya jeho ka?"

Labo ya dubi ƙafarshi. Ya dubi bango. Ya gyara hular da ba ta karkace ba.

Balkisu na gefe tana tsince gujiya a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Hajiya, ni na wanke wandon da ya faɗi da shi. Tun daga ƙugu har ƙasa gansakuka ce da kashin shanu. Ni dai ban taɓa hawa gawo ba, ban san abin da ke tsirowa a can sama ba."

Ta ci gaba da tsince gujiyarta.

"A bakin kwami ne," in ji Labo. "Na sauko lafiya. Bokiti na ɗauka."

Hajiya ta dube shi.

"Wato da ƙafafunka biyu a ƙasa."

"Ɗaya ce a ƙasa. Ɗayar na ɗaga ta zan taka."

Ba ta yi dariya ba.

"Malam Labo, na zauna a nan, bisa tabarmar nan, ina yabonka gaban mutane, kana ji. Kalma ɗaya za ka faɗa mani. Da mutumin nan ya mutu a bakin kwamina, mi za mu ce da matarshi, ni da kai?"

Hajiya ta tashi ta kaɗe mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ni ma da Bakari ya zuba yashi, da na tsaya na tambaye shi da kyau," ta ce, ta fita.

Washegari Labo ya sa aka ɗora shi bisa amalanke, duk da Ɗan Azumi bai ba da izini ba, aka kai shi gidan Bakari. Ya same shi zaune a zaure, kai naɗe, hannu rataye a wuya. Aka ajiye Labo kusa da shi, aka miƙe mashi ƙafar. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi zafi.

"Ƙaƙa hannun?"

"Da sauƙi. Ƙaƙa ƙafar?"

"Da sauƙi."



"Ni na ja maka wannan," in ji Labo.

"Kai ka ture ni?"

"Na yi shiru."

"Ni da na ja ka zuwa gindin gawo fa? Ni da na ce ban ga komi ba? Kuma ni na san wurin fiye da kowa, kullum ni ke share shi. Da sanina na je na faɗi." Bakari ya taɓa ƙeyarshi a hankali. "Abin da ya fi ba ni haushi, ni ba wanda ya tambaye ni daga wane reshe."

Labo ya so ya danne dariyar, ta ƙwace, ta girgiza mashi ƙafa har ya yi salati. Bakari ma ya yi, ɗinkin ya ja shi, ya daina. Matar Bakari ta leƙo ta ga ko lafiya, ta tarar da su kowa na riƙe da inda ke mashi ciwo.

A satin nan Hajiya ta kira maginin da ya yi daɓen. Ta ce ya sassare shi da kurfi, layi-layi, yadda ƙafa za ta kama. Ya ce aikin hannunshi ne, a duk Cadawa ba daɓe mai kyaun wannan. Ta ce ta sani, ya sare. Ya sare yana tsaki. Aka canza kan famfon, aka fidda 'yar hanya ruwan ya riƙa bi zuwa gindin gawo, aka zuba tsakuwa a kewaye. Rumfar harawa ma aka matso da ita kusa da turaku. Ba a je buron gandun daji ba.

Layya ta zo ta wuce. 'Yan'uwan Hajiya suka taimaka aka kai ragunan kasuwa, ba su yi ƙibar da ta so ba, amma sun tafi. Gonar Labo, maƙwabta suka yi mata gayya suka shuka, tare da ta Bakari a rana ɗaya.

Sai da gero ya fara fidda kai Ɗan Azumi ya kwance karan. Ƙafar ta haɗe, sai dai ta ɗan gajarce, kuma gwiwar ba ta lanƙwasawa kamar da. Labo ya fara da sanda, daga baya ya ajiye ta, amma ɗingishin ya zauna. Hannun Bakari ma ya warke, yatsun dai ba su damƙa da ƙarfi, in ya ɗauki bokiti cike sai ya suɓuce.

Da kaka Hajiya ta sayo sababbin bajimai, ta aika a kira su duka biyu. Wasu sun ba ta shawara ta ɗauki masu jini a jika. Ta ce ta ji. Ta dube su a tsaye a bakin gidan, ɗaya ya karkata hagu, ɗaya na riƙe da hannu.

"Ku raba aikin yadda kuka ga zai yiwu," ta ce.

Suka raba. Duk abin da ke son tafiya da ɗauka a ka ya koma wurin Bakari. Duk abin da ke son hannu, ɗaurin igiya da dama dusa da riƙe dabba a ba ta magani, ya koma wurin Labo.

Safiyar farko Labo ya zauna bisa kututture, ya miƙe ƙafar, ya dama dusa cikin rabin tano, wato durom da aka yanka biyu. Bakari ya ɗauka a ka ya kai gaban wani jan bajimi. Bajimin ya sa baki, ya ɗago, ya yi atishawa, ya juya masu baya.

"Ruwa ya yi yawa," in ji Bakari. "Kunu ka yi mashi."

"Ai haka na ga kana yi."

"Daga sama kake gani. Ƙara dusa, ka sa gishiri kaɗan. Ba da ludayi ba, da hannu, har ka ji tana kama yatsa."

Labo ya naɗe hannun riga ya sake damawa. Aka mayar. Bajimin ya shinshina, ya yi tunani, sannan ya fara ci.